Yaya ake auna ƙarfin maganin feshi a ɗakin gwaji?

Mai shago a Agege:
Assalamu alaikum. Ina sarin maganin ciyawa a nan Legas ina aikawa Arewa, kuma a daminar bana manoma sun koka cewa gilifoset ɗin da suka saya a hannuna bai kashe ciyawa yadda suka saba ba, alhali a jikin jarkar an rubuta giram 360 a kowace lita. Ina roƙon masana su bayyana mini yadda ake tabbatar da wannan adadi, domin ba na son in ci haƙƙin manomi.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji a Ikeja:
Wa'alaikumus salam, Alhaji. Ana auna ɗan kaɗan daga maganin a ma'auni mai tsananin daidaito, a sirka shi, a tace, sannan a saka a na'urar HPLC. Na'urar tana tura ruwan da ƙarfi ta cikin wani siririn bututu har sinadaran su rarrabu, kowanne ya fito a lokacinsa ya zana tudu a allon kwamfuta. Girman tudun gilifoset ake kwatantawa da na tsantsar sinadarin da aka riga aka san nauyinsa, kuma a nan ne ingancin aikin yake, domin idan abin kwatancen ya lalace, duk lissafin ya rushe. Magungunan da ke zama tururi ba tare da sun lalace ba, irin su maganin ƙwari DDVP, da na'urar GC ake auna su, wadda ke rarrabe sinadarai bayan ta mai da su tururi. Yawanci hanyoyin CIPAC ake bi, wato ƙungiyar ƙasa da ƙasa da ke tsara hanyoyin gwajin magungunan feshi. A ƙa'idar FAO, hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, maganin da aka rubuta wa 360 an yarda ya sauka ko ya hau da kashi 5 cikin ɗari, wato daga 342 zuwa 378.

Malamin gona a Ikorodu:
Alhaji, ka kai wa ɗakin gwaji jarkar da ba a ɓalle murfinta ba, daga rukunin da aka koka da shi, mai lambar rajistar NAFDAC a jiki. Ka kuma lura cewa wasu kamfanoni suna rubuta 480 saboda sun lissafa sinadarin a matsayin gishiri, wato sun haɗa nauyinsa da na wani sinadari da ake ɗaura masa don ya narke a ruwa, amma ƙarfinsa ɗaya ne da 360.

Ina ba ka shawara ka tambayi manoman ruwan da suka yi haɗi da shi. Gilifoset yana manne wa laka, saboda haka ruwan kududdufi mai dauɗa yana rage masa ƙarfi ko da maganin na gaske ne, haka ma ruwan sama idan ya sauka jim kaɗan bayan feshi.