Wa ya taɓa kallon orkes kai tsaye a ƙaramin wuri a Yamai?

Ɗan Jibiya: Salam jama'a. Bayan sallah zan kai kaya Yamai, abokina na can sai cika min baki yake wai sai ya kai ni wajen orkes, wato ƙungiyar makaɗa masu kiɗa kai tsaye. Mu dai abin da muka saba, mawaƙi ya hau dandamali DJ ya sa masa waƙarsa shi kuma yana motsa baki a kai. Waɗanda suka taɓa zuwa ku ba mu labari, da wane lokaci ake farawa?

Na Tawa: Ɗan uwa in an ce maka ƙarfe tara to ka ci tuwonka a natse, tara ɗin nan lokacin ake jan wayoyi ana buga makirfo ana "an, de, an, de", sai wajen sha ɗaya abin ke kankama. Inda na je fili ne ɗan ƙarami da katanga, kujerun roba, jikka guda ta sefa na biya a ƙofa, kuma tsakanina da mai ganga bai fi taku uku ba, ina kallon zufa na ɗiga daga haɓarsa kan fatar gangar, sandarsa ɗaya ta karye ya zaro wata daga bayan kujera wlh kiɗan ko tangarɗa bai yi ba.

Maman Hajara: Ni Tal National na gani. Su kam ba sa hutu, wannan ya gaji ya miƙa wa wani jitar ana ci gaba, awa biyar suna iya yi a haka. Waƙa ɗaya da Hausa ta gaba da Zabarmanci sai Fillanci, kowa a wurin sai an taɓo nasa. Shugabansu Almeida alƙali ne fa, tun 2000 ya kafa ƙungiyar. Amma ƙanena, mai kalangunsu za ka sa wa ido, shi ke juya masu rawa yadda ya ga dama.

Baban Yara: Hajiya kin faɗi daɗin kin bar ɗacin. Liƙi ne ke ɓata min rai. Ana tsakiyar waƙa mai daɗi sai wani alhaji ya miƙe da babbar riga ya fara manna kuɗi a goshin mawaƙi, shi ke nan waƙa ta koma kirari, ɗan wane jikan wane, sai aljihunsa ya huce sannan a dawo mana da abin da muka biya.

Maman Hajara: To Malam da me za su ci? Kuɗin ƙofa mai wuri zai cire nasa, a biya hayar sono, wato kayan sauti, abin da ya rage a raba wa mutum goma. Tsirkiyar jita ma saya ake. Liƙin nan shi ne albashin.

Ɗan Ayar: Ku zo Agadas ku ga jita. Mu a can yawanci wajen biki ake yi, a shimfiɗa tabarmi a lungu a ta da gurup, wato injin wuta. Makaɗan Etran de L'Aïr 'yan unguwar Abalane ne, dangi ɗaya, da suka fara a 1995 jita ɗaya gare su, gangarsu ƙwarya ce kife a ruwa ana dukanta da takalmi, yanzu ga su har Amurka. Rannan a Yamai kuran, wato lantarki, ya ɗauke ana cikin kiɗa, lasifika ta mutu, mai ganga bai tsaya ba mata suka kama tafi da guɗa har aka ta da inji, jitar ta faɗo daidai inda ake.

Na Tawa: Kar ka zauna gaban lasifika dai, kunnena ya kwana yana ƙara. Ka riƙe katin shaidarka a aljihu saboda bincike da dare, kuma ka yi magana da mai taksi tun da wuri ya dawo ya ɗauke ka.

Ɗan Jibiya: Na gode ƙwarai. Naira tana shiga wajen liƙin ko sai na yi canji?

Baban Yara: Yi canjinka tun daga Maraɗi, ka nemi ƙananan takardu.