Yarona ya ƙi tsawo, ku ba ni shawara

Maman Sadik, Rigasa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yarona watansa 20, amma ɗan kishiyata mai wata 14 ya kere shi. Tun ina da cikinsa maigida ya rasa aikin gadi, muka tare gidan surukata, ita ke riƙe da tukunya, ko cokali ba na ɗagawa sai da izininta. Jiya ma'aikaciyar lafiya mai zagayen gida-gida ta ɗaura masa tef a damtse, ya nuna rawaya. Ta ce in kai shi a auna tsawonsa, tana tsoron tsumburewa. Wallahi ban runtsa ba.

Ummu Hanifa: Gado ne, baiwar Allah. Dangin ubansa dogaye ne?

Anti Larai, Kawo: Gado ina! Tef ɗin rama yake aunawa, rawaya kuma gargaɗi ne tun kafin ja. Tsumburewa a tsawo ake gane ta, kuma har ƙwaƙwalwa take taɓawa. Kwana 1000 ne ake da su na hana ta, daga shigar ciki zuwa shekara 2, saura miki wata 4. Nono zalla kika ba shi wata 6?

Maman Sadik: Da zafin Kaduna? Tun yana wata 2 Hajiya ke ba shi ruwa, ni wace ce da zan hana?

Maman Biyu: Ni sau uku ina kai nawa asibitin unguwarmu, layi tun asuba, a ce maganin tamowa ya ƙare. Kuɗin Keke kawai na yi asara.

Anti Larai: Ba naki ake yi ba yanzu. Maman Sadik, ki soya gero, waken suya da gyaɗa, a niƙa, ki dama da kauri, ba tsululu ba. Ƙwai kullum, zogale a miya, garin busasshen kifi. Ki karɓo masa bitamin A da maganin tsutsar ciki.

Ummu Hanifa: Jiƙon dauda za ki nema masa tukuna.

Anti Larai: Kada ki kuskura! Gudawa zai ja masa.

Maman Sadik: Anti, kunu yana sha sosai, ba yunwa nake bar shi da ita ba. Ƙwan kuma Hajiya ta ce yana sa yaro sata. Kuma maigida bai ma san an auna shi ba.

Maman Biyu: Nawa mudun waken suya yanzu a Kasuwar Bacci?