Masu mage mai ciwon suga, wane gwajin jini kuke yi mata?

Maman Ilham, Kaduna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah duk wanda ya taɓa jinyar mage mai ciwon suga ya zo ya faɗa mana yadda yake auna ta. Namu muzuru ne, an ɗora shi kan allurar insulin ta Lantus safe da dare, kuma a gida kam Alhamdulillah ya daina wannan shan ruwan na hauka, fitsarin ma ya ragu har ya fara maida jiki, amma da muka koma asibiti aka tsaga jini sai ga suga 380. Ni hankalina ya tashi na ce a ƙara masa allura, likita ya ce a'a sai an yi wani gwaji wai shi furuktosamin. Meye shi kuma? Ba ɓata kuɗi ba ne?

Abu Khalil, Zariya:
Wa alaikumus salam Maman Ilham. Wlh ki gode wa likitan nan naki. Mage ba kamar kare ba ce, tsoro kaɗai yana harba mata suga sama, kin saka ta a kwando, an sha hayaniyar Keke Napep, ga karnuka na haushi a wajen jira, sannan baƙon hannu ya danne ta, ai dole jini ya nuna abin da ba shi ba. Tawa haka take, a asibiti ta haura 300, a gida da yamma ta dawo ɗari da wani abu. Shi furuktosamin sugan da ya manne a jikin furotin na jini yake aunawa, wato yana ba ki matsakaicin abin da ya faru cikin kamar sati biyu zuwa uku da suka wuce, firgicin awa ɗaya ba ya motsa shi. Matsalarsa kawai ba a ko'ina ake yi ba, wani lokacin sai an aika jinin wani lab kin jira.

Anti Zee, Manchesta:
Gaskiya ne abin da Abu Khalil ya faɗa amma kar a ɗauka furuktosamin ya gama magana fa. Matsakaici ne. Magen da sugarta ke hawa ƙololuwa da asuba ta faɗo ƙasa warwas da azahar, lissafinta zai iya fitowa tsaf kamar lafiya lau. Haka ya faru da tawa, sakamako ya yi kyau kowa na murna, sai da na zauna ranar hutu na dinga auna ta duk bayan awa biyu daga allurar safe zuwa ta dare nake rubutawa, nan na ga tana sauka har 2.8 da tsakar rana, lokacin da nake wajen aiki ban ma sani ba. Aka rage mata allura.

Yadda nake ɗibar jini a kunnenta in auna a gida: sai ta kwanta a cinyata, in murza kunnen da yatsu ko in ɗora tsumma mai ɗumi sai ya yi ɗumi sosai, in kunne da sanyi wlh ko kin soka jini ba zai zo ba. Akwai wata siririyar jijiya da ta bi gefen kunnen, in kin haska tocilan waya ta baya za ki gan ta ja. Ki tokare da auduga ta ciki, ki shafa basilin ɗan mitsitsi don ɗigon ya taru kar ya bi gashi, ki soka kusa da jijiyar, ki kai bakin sitirip (ɗan tsinken da ake sakawa a na'urar auna suga) ya zuƙe, sai ki matse wurin da audugar na ɗan lokaci kar ya yi taruwar jini. Ki ba ta ɗan nama daga baya. Tawa yanzu da ta ji ƙarar buɗe gwangwanin sitirip da kanta take zuwa.

Sadiq_KN:
Ikon Allah. Mu nan muna rigima da kuɗin sitirip ɗin Baba, ashe har mage ma layi ɗaya muke da ita a kemis 😂

Ibro, Maraɗi:
Anti 2.8 ɗin nan na me? Mu nan lab da giram suke rubuta mana, tawa an ce 2,8 kuma likita ya ce ta yi yawa, ke kuma kin ce ƙasa ne. Sannan ni da na'urar auna suga ta tsohuwata, Accu-Chek, nake aunawa, ya halatta?

Anti Zee, Manchesta:
Ibro ma'auni ne ya bambanta, mu a Ingila mmol ne, sai ka ninka sau 18 ka samu irin na Maman Ilham, kenan 2.8 nawa wajen 50 ne. Naka na giram ka ninka sau 100, 2,8 ɗinka 280 ne. Ka ga sama da ƙasa kenan, shi ya sa in mutum zai kawo lamba a nan ya faɗi ma'aunin dan Allah.

Dakta Hauwa:
Sannunku. Ni likitar dabbobi ce, bari in faɗi abin da nake gani a wajen aiki. Malam Ibro na'urar mutane tana aiki, sai dai yawanci tana nuna ƙasa da ainihin abin da ke jinin mage, akwai wadda aka saita don dabbobi AlphaTRAK amma samun sitirip ɗinta a nan wahala ne, don haka nakan ce a riƙe guda ɗaya kar a dinga canjawa, kuma a faɗa wa likita wacce ce. Abin da muke nema mage ta wuni tsakanin kamar 80 zuwa 300, in ta sauka ƙasa da 80 a kira mu kafin allura ta gaba. In tana layi ko rawar jiki a shafa mata zuma a dasashi a taho, kar a ɗura mata komai a baki.

Furuktosamin kuma in ya haura 500 alama ce ba a riƙe ciwon ba, wajen 350 zuwa 450 muna jin daɗi, in ya yi ƙasa sosai a magen da ke kan allura to ko allurar ta yi yawa ko ciwon ya lafa, kowane lab dai da nasa iyaka a jikin takarda. Yana kuma yaudara, tsohuwar mage da tayirod ɗinta (wata ƙaba ce a wuya) ke aiki fiye da kima ko wadda furotin ɗin jininta ya yi ƙasa sai ya fito ƙasa alhali suga na sama. Shi kuwa HbA1c, gwajin matsakaicin suga irin na mutane, ba mu cika amfani da shi a mage ba. Kuma abin da ya fi ba ni ciwon kai shi ne sirinji, insulin ɗin Caninsulin yunit 40 ne a kowane mil, Lantus kuma 100, an sha kawo min mage a galabaice don an sayo sirinjin da ba nata ba a kemis.

Hajiya Mai Mage, Kano:
Dakta Allah ya saka. Ni nawa darasin daga wuta ne. Lokacin zafi lambobi suka dinga hawa kullum, ga shan ruwa ya dawo, har ana shirin ƙara yunit, ashe insulin ɗin ne ya lalace don firij ya fi kwana a kashe fiye da a kunne. Da aka buɗe sabo a kan yunit ɗin da take kai komai ya daidaita. Yanzu in an ɗauke wuta a cikin kula nake sa shi da ƙanƙara a naɗe da tsumma kar ya daskare. Kuma tunda muka daina ba ta tuwo da busasshen abincin leda muka koma kifi da kaza sugar ke sauka, har ta kai likita ya janye allurar gaba ɗaya, amma har gobe ina ɗan auna kunnen jefi-jefi saboda ya ce yana iya dawowa.

Bash, Hustan:
Hajiya canjin abincin nan a yi shi ana aunawa fa, yana sauke suga da sauri in allura na nan yadda take. Mu nan FreeStyle Libre, 'yar na'urar auna suga da ake mannawa a fata, aka manna wa tawa, aka aske gashin gefen kafaɗa, a waya nake ganin komai har na tsakar dare ba suka ba kuka, an ce kwana 14 yake yi amma tawa ta sosa ta cire tun bai kai ba, sai da na dinga sa mata rigar jarirai. In ya nuna ƙasa sosai ina sake tabbatarwa da kunne. Daga baya na yi tambaya kan Bexacat, ƙwayar ciwon sugan mage da aka amince da ita a Amurka ƙarshen 2022, likita ya ce magen da ta riga ta fara insulin ba a ba ta, kuma masu shanta kiton (sinadarin da ke taruwa in jiki ya koma ƙona kitse) ake bi a jini, don suga na iya fitowa daidai alhali mage na cikin haɗari. Ko mage kan allura take, ranar da ta ƙi cin abinci ko tana amai ki tsoma sitirip ɗin kiton a fitsarinta, in ya canja launi kar ki jira gari ya waye.