Yaya zan hana 'yan wasana tona asirin aljanu a tsakiyar kasuwa?

Jama'a, ina neman shawara. Mu biyar ne muke haɗuwa a Unguwar Rimi duk Asabar muna wasan labari na kan tebur, inda kowa ke taka rawar wani a cikin labarin, ni ne mai ba da labarin. Tsarin na aro daga wasan Vampire: The Masquerade na 1991, amma na mayar da duniyar Kaduna: 'yan ruwa a ƙarƙashin gadar kogin Kaduna, mayu a Tudun Wada, wani tsohon aljani kuma yana sayar da gwanjo a Kasuwar Barci. Ɗan lido mai fuska 10 da wasan ke buƙata bai samu ba, da mai 6 muke lallaɓawa.

Ga inda na maƙale. Ginshiƙin wasan shi ne bil'adama kada su san da waɗannan halittu. To, abokina da ke taka rawar maye sai ya ɓace da rana tsaka a gaban 'yan Keke Napep. Na sa sarkin aljanu ya hukunta shi, ya yi fushi wai na danne masa haƙƙi. Na ƙyale, sauran suka bi sahu, tsoron labarin duk ya zube.

Shin in sa ma'aunin tonon asiri mai hawa da maki, ko in bar jita-jitar gari da masu ruƙiyya su riƙa farautarsu? Wanne kuka gwada ya yi aiki?