"Yabon gwani ya zama dole": ta hau kan wannan kan sarkin?

Ɗan Agege: Jama'a, ina gyara adakar marigayi kakana, wanda ya yi fataucin goro a nan Agege, sai na tsinci tsohuwar ambulan da kan sarki na sisi. Na 1936 ne, da hoton Sarki Joji na biyar, ga hasumiyar Gobarau ta Katsina a tsaye. Na nuna wa Baba, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Yabon gwani ya zama dole." Ta dace a nan kuwa?

Wata malama daga Idi-Araba: Ta dace, ƙanena. Nauyin maganar yana kan "dole". In masoyinka ya yabe ka, ba a kawo ta. Sai wanda ba ya so ya yaba amma aiki ya fi ƙarfin bakinsa. Bature ya ci ƙasa da bindiga, ga shi ginin ƙasa na magabatanmu ya sa ya sunkuya.

Dattijo daga Alaba Rago: 'Yata, ban yarda ba. Dubi sauran jerin. Na rabin kwabo tashar jirgin ruwan Apapa ce, na kwabo koko, akwai kuza, katako, auduga, kwakwar manja, na sule shanun Fulani. Mai dukiya ne ke lissafa abin da ya mallaka, hasumiyar ma a cikin kaya aka jera ta. Ni "ruwa ba ya tsami banza" zan ce. Kuma ko sunanta ba su kira ba, hasumiyar Haɓe suka rubuta. Ana yabon gwani a ɓoye sunansa?

Malamar: Baba, wannan ya taɓa ni. Amma sun yi ta maimaitawa: Ingila ta sa Ƙubbatus Sahra da ke Ƙudus a kan sarkin Falasɗinu a 1927, Faransa ta sa masallacin Jenne da ke Mali a 1947. Da bai cika musu ido ba, da sun zaɓi wani abu.

Dattijon: Cika ido daban, yabo daban. Mahauci ma yana yaba bijimi.

Ɗan Agege: Na koma wurin Baba da maganarku. Ya ce shi magina yake nufi, waɗanda suka kwaɓa ƙasa suka ɗora tubali, bai ma tuna da Bature ba. Ya karɓi ambulan ɗin ya sa a aljihun gaba, har yanzu bai dawo mini da ita ba.