Neman kalma: kwangilar da ake biya bisa lafiyar gini

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Ina fassara wata hira da za a watsa a rediyo ranar Alhamis kan umarnin shugaban ƙasa mai lamba 11, wanda Shugaba Buhari ya sanya wa hannu a 2022 domin kula da gine-ginen gwamnati, kuma baƙon ya yi ta ambaton "performance-based contract". Me za mu kira shi?

Injiniya: Wa alaikumus salam. A tsarin da aka saba, ana biyan ɗan kwangila kuɗin abin da ya sa, buhun siminti kaza, bandir ɗin kwano kaza, saboda haka lalacewar gini kasuwa ce a gare shi. A wannan kuwa ana yanka masa kuɗin wata-wata na tsawon shekaru bisa sharaɗin rufi ba zai yi yoyo ba, famfo ba zai ƙafe ba, idan ya gaza a zaftare masa. Shi ya sa yake tsuga farashi tun farko, tunda duk asarar da aka yi a wuyansa take. Ina ba da shawarar "kwangilar biya bisa sakamako".

Malamin Hausa: Ranka ya daɗe, ita kanta kwangila aron Turanci ce, alhali muna da jinga, wadda kowane manomi ya sani. A ce "jingar kula da gini".

Injiniya: Malam, mai jinga da ya gama noman kadada an sallame shi, ko ciyawa ta dawo gobe babu ruwansa. Nan kuwa dawowar ciyawar ce ake cire masa kuɗi a kai.

Malamin Hausa: Sai a faɗaɗa ma'anarta. Abin da ke damuna shi ne duk kalmar da ta fito daga gona ana ganin ba ta isa shiga ofis ba, ita kuwa ta Bature ana shimfiɗa mata darduma.

'Yar Jarida: Malam, babu mai raina gona, amma mahaifiyata ba ta je boko ba kuma kwangila take cewa. Ni "sakamako" ce ba ta kwanta mini ba, domin mai sauraro zai tuna jarrabawa ko zaɓe.

Mai Fassara: Lokaci ya ƙure mini. Zan sa "kwangilar biya bisa ingancin aiki", in bi ta da jimla guda ta bayanin zaftare kuɗi.

Malamin Hausa: Ban gamsu ba, amma a watsa. A ajina jinga zan ci gaba da koyarwa.