Waya mai ƙaya za ta raba manomi da makiyayi a kwarin Binuwai?

Ɗan Garwa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. An ce a Amurka waya mai ƙaya ce ta kashe rikicin manoma da masu shanu lokacin da ake saran sababbin gonaki. Mu a Ngong da Lagdo na arewacin Kamaru, inda baƙi daga yankin Arewa Mai Nisa suke sare daji tun shekarun 1970, me zai hana mu kwaikwaya?

Malamin tarihi: Wa alaikumus salam. Ai wayar da farko wuta ta ƙara. Dokar 1862 ta ba manomi kusan hekta 65 idan ya zauna shekara biyar, a filin da shanu suka saba kiwo. Joseph Glidden ya yi rajistar wayarsa a 1874, sai manyan masu shanu suka riga kowa, suka kewaye mashaya har da filin gwamnati. A 1883 aka yi ta datse shinge da dare a Texas. Sai a 1884 doka ta hukunta mai datsewa, ta kuma tilasta barin ƙofa duk mil uku inda shinge ya tare hanya. Ƙofar ce darasin.

Na Lagdo: Ɗan'uwa, yi lissafi tukuna. Kewayen hekta ɗaya mita 400 ne. Layi huɗu, waya mita 1,600 ke nan, da turaku kusan 134 idan ka bar mita uku tsakani. Gara na cin na itace daga gindi, awaki kuma ta ƙasa suke bi. Gara ka dasa aguwa ko bini-da-zugu, ka haɗa da magarya. Sai dai shekarun farko dole ka kare dashen da ƙaya.

Baba Mai Auduga: Yaro, matsalar ba shinge ba ce, lokaci ne. Damina na ɗaukewa shanu ke gangarowa, auduga kuwa tana gona har Disamba ko Janairu. In an nome burtali, ta ina za su bi zuwa ruwa? Dokar Kamaru mai lamba 78/263 ta 1978 ta ɗora wa kwamitin su-firefe, wato jami'in mulkin gunduma, shata gonaki da makiyaya da burtali. Ku nemi a kafa turakun siminti a gaban jauro, wato mai gari, da arɗo tun kafin shuka. In ɓarna ta auku, a kira malamin gona ya auna a ranar, don da sawu ya bushe sai musu.